Macin Sajan Bulus

Tun da na dawo daga Ingila ban huta da tambaya ba. In na fito daga masallaci a tare ni, in na zauna a majalisarmu ta bakin shagon Ɗanjuma mai faci a tare ni. Wannan ya ce, "Malam Garba, da gaske ne rana ba ta faɗuwa a can?" Wancan ya ce, "An ce ka je ka yi wa Turawa ɓarna a wajen gasa." Maganar ɓarnar gaskiya ce, sai dai an ƙara mata gishiri, kuma kunnena yanzu ba ya ɗaukar tambaya biyu a lokaci guda. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya, kowa ya karanta ya bar ni in sha shayina.

Sai na fara da abin da na tafi da shi a jaka, don in ba a san shi ba ba za a gane sauran ba. Shekara ashirin da biyu na yi ina aiki a masaƙa a nan Kakuri, a ɗakin injinan saƙa. Yaran yanzu ba su san masaƙarmu tana da 'yan badujala nata na kanta ba. Mu ba sojoji ba ne, ba 'yan sanda ba. Masaƙa ne da makanikai da masinja guda, mu ashirin da huɗu, in an tashi aiki ran Laraba da Asabar sai mu taru a bayan sito mu yi ta busa. Ni ƙaramin ƙaho nake busawa, wanda ake ce wa konet. Ranar ma'aikata, ranar 'yancin kai, auren ɗan manaja, mu ne a gaba da jajayen riguna. Shugabanmu Sajan Bulus ne, tsohon ɗan badujalar soja, gajere, mai faɗan tsiya. In ka yi kuskure a cikin mutum ashirin da huɗu sai ya nuno ka da sanda ba tare da ya ko juyo ba. Amma in la'asar ta yi shi ke fara duba agogo ya ce, "Musulmi, ku je ku dawo, minti goma."

Shi ya tsara mana kiɗan maci namu na kanmu, ya sa masa suna Tashin Shida. Yana farawa da ƙananan ƙahoni suna kwaikwayon jiniyar tashi daga aiki. Daga nan babban ƙaho mai kaurin murya ya shigo da nauyi, irin takun mutanen da suka yini a tsaye. Can sai kiɗan ya saki ya yi haske, kamar ka fito ƙofar masaƙa iska ta buge ka. In muka buga shi a titin Kakuri mata har barin tukunya suke yi a kan wuta.

Masaƙa ta rufe. Ba zan shiga wannan ba, kowa a nan ya san yadda aka yi. An kwashe kayan busa tare da injuna, ban san inda suka ƙare ba. Abin da ya rage mini shi ne bakin ƙahona na ƙarfe, don shi dama a aljihu yake kwana. Da Sajan ya kwanta ciwon ajali ya aiko aka kira ni, ya sa aka jawo wani gwangwanin biskit daga ƙarƙashin gado. Takardun Tashin Shida ne a ciki, na kowane ƙaho daban, da rubutun hannunsa. Ya ce, "Garba, ka sa a sake buga shi, ko sau ɗaya ne." Na ce to. Shekara goma sha uku ina ɗauke da wannan "to" ɗin. Na kai wani bariki, suka ce kiɗan da suke da shi ya ishe su. Na kai wata makaranta, na tarar ganga biyu ce da bigila ɗaya a lanƙwashe. Ga shi injinan saƙa sun riga sun cinye mini kunnen hagu, na dama kuma ya fara bin sahu.

Kunnen ne ma ya kai ni Ingila. 'Yata Hajara, wadda nake ce wa Ummi don sunan mahaifiyata ta ci, likitar yara ce a Manchester. Ita ta matsa sai na zo an duba ni. Na hau mota zuwa Abuja, na hau jirgi, na yi awa shida ina riƙe da jakar hannuna a cinya, duk da ma'aikaciyar jirgi ta roƙe ni sau uku in sa ta a sama.

A filin jirgin Manchester wata jami'ar kwastan, ƙatuwar mace mai gilashi, ta ce in buɗe kaya. Abu na farko da ta zaro shi ne kilishin da na sa aka yi wa jikokina musamman. Na ce tsaraba ce. Ta ce ta sani, ta yi mini murmushi, ta jefa shi a kwandon shara. Har yau in na tuna kilishin nan sai raina ya ɓaci. Daga nan ta buɗe gwangwanin, na ce shi ke nan, shi ma kwando za shi. Sai na ga ta ɗauki bakin ƙahon tana juya shi a hannu.

Ta ce, "Na konet ne?"

Na ce, "Shi ne."

Ta ce, "Kakana ya busa irinsa a badujalar mahaƙan kwal. Ka zo inda ya dace."

Ta mayar da takardun ɗaya bayan ɗaya da hannu biyu, ta rufe. Na yafe mata rabin kilishin.

Gidan Ummi yana Longsight. Gidajen unguwar a manne suke da juna, jajayen bulo, ƙofa kusa da ƙofa, na ce wannan ai kwatas ɗin ma'aikata ne. Ummi ta yi dariya ta ce, "Exactly, Baba. Ma'aikatan masaƙa aka gina wa su tun da can." Ashe garin nan da auduga ya tashi, kamar namu, kuma masaƙunsa sun mutu, kamar namu. Bambancin kawai su sun mayar da gine-ginen gidajen haya masu tsada, mu kuma mun bar wa jemagu.

An ce mini bazara ce, amma riga uku nake sawa. Mutanensu kuwa sai a hankali. Ka yi wa mutum sallama a titi ya dube ka kamar ka tambaye shi aron matarsa, amma in ka taka masa ƙafa a bas shi zai ba ka haƙuri. In za su sauka daga bas ɗin Stockport Road kowa sai ya gode wa direba, ko da ya makarar da su. Abinci ban wahala ba. Akwai mahauci ɗan Pakistan a bakin kasuwa da ke ce mini kawu, Ummi kuma tana tuƙa tuwon semo da miyar kuka. Jikokina dai in suna magana sai in yi ta kallon bakinsu, Turancinsu ta hanci yake fita.

Abin da ya ba ni mamaki, na ɗauka tsuke bakin aljihu namu ne mu kaɗai. Sai na ga ɗakin karatu na wata unguwa an garƙame shi da kwaɗo, wurin iyon yara ma an rufe. Ummi ta ce, "Cuts ne ko'ina, Baba. Council, hukumar gari, ba ta da kuɗi, har ward ɗinmu an rage mana nurses." Na ce ashe Bature ma yana sanin babu.

A wani asibiti kan Oxford Road aka sa ni a ɗan ɗaki, aka sa mini abin ji a kunne, in na ji ƙara in danna. Na daɗe ban danna ba. Muka fito, ni da Ummi, muka zauna a bas. Ta ce, "Baba, consultant ya ce hearing aid, na'urar kunne, za ta taimaka for now. Amma jijiyar tana tafiya. Maybe shekara ɗaya, maybe ba ta kai ba."

Na ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Amma ba kunnen na tuna ba, gwangwanin na tuna. In ban ji kiɗan nan a wannan tafiya ba, ko an buga shi daga baya ni da kurma ɗaya ne.

Ranar na ba Ummi labarin alkawarin. Ta yi mini faɗa don ban faɗa mata tun tuni ba. Ashe akwai wata nas a wurin aikinsu mai suna Dorothy, ita ke jagorantar badujalar wani ƙauye a kan tuddan da ke bayan Oldham. Ran Talata da yamma Ummi ta kai ni wurin atisayensu.

Ina shiga zauren ƙamshin man ƙaho ya buge ni, irin wanda muke ɗiga wa maɓallai, sai na ji ni a bayan sito. A bango hotuna ne na mutanen da, masu gashin baki da hulunan kwano, ma'aikatan masaƙar ƙauyen da suka kafa badujalar tun kafin a haifi kakana. Na yanzu kuwa akwai direban bas, akwai mai raba wasiƙu, akwai malamar firamare, akwai likitan haƙori, kuma duk a ƙarƙashin sandar nas. Dorothy siririya ce, ba ta ɗaga murya, amma in ta dubi mutum sai ya gyara zama. Na ce a raina Sajan ya yi ƙanwa bai sani ba.

Mai babban ƙahonsu, shi kaɗai ya rage musu, wani dattijo ne mai suna Terry, mai ƙaton ciki da jan fuska. Da aka gabatar da mu sai na ga ya juyo mini da kunnen dama, ni ma na juya masa nawa. Muka tsaya muna kallon juna, muka fashe da dariya. Shi ma ɗakin saƙa ya yi. Ya nuna mini yadda suke magana a cikin ƙarar injuna, da motsin baki da hannu ba murya, na nuna masa namu na Kakuri. Alamar "manaja na zuwa" kusan iri ɗaya ce.

Shi ya gaya mini halin da suke ciki. Zauren na hukuma ne, kuma an ba su takarda, ƙarshen bazara za a rufe a sayar. Ba su da wani wurin, badujalar za ta watse. Abin da ya rage musu shi ne babbar gasar shekara da ke tafe. Akwai kofin da ake bai wa badujalar yankin da ta fi kowa a filin ƙauyensu. Sunan badujalarsu yana jikinsa tun da suka ci shi a zamanin mahaifin Terry, shi kuwa shekara arba'in yana busa bai taɓa ɗaga shi ba. Ya ce, "Bana mun shirya. Bana ko ba a sake ba."

Dorothy ta baje takardun Sajan a kan tebur, ta daɗe tana karantawa tana kaɗa yatsa. Ta ce kiɗan mai kyau ne, amma akwai matsala biyu. Tawadar ta koɗe, ba a iya karantawa ana tafiya. Kuma takardar babban ƙaho gara ta cinye fiye da rabinta. Na ce wannan yana kaina, shekara ashirin yana ruri a bayan ƙeyata. Ta ce in haka ne in je Birmingham wurin Mista Clifford, shi ke rubuta musu takardun kiɗa da hannu. In ya gama a kan lokaci, ta yi mini alkawarin za su buga shi a titin ƙauye na ƙarshe ranar gasa, bayan sun gama da maganar kofi.

Ni kaɗai na tafi, a doguwar bas, don Ummi tana aiki. A hanya aka tsaya wurin hutawa, na shiga in yi alwala. Famfonsu biyu ne, ɗaya ƙanƙara ɗaya wuta, babu tsakiya. Kafin in gama kokawa da su in fito, na tarar bas huɗu a jere, duk farare. Na shiga wadda ta fi kama da tamu na zauna, sai na ga kowa da jar riga da gyale, 'yan kallon ƙwallo ne za su wani gari. Da waƙa suka rako ni har ƙofar tamu.

A Lozells na sauka, gidan Alhaji Mannir, wani akanta Bakatsine abokin mijin Ummi. Unguwar ta tuna mini Sabon Gari: Somaliyawa, 'yan Pakistan, mutanen Jamaika, kowa da shagonsa da ƙamshin girkinsa. Alhaji Mannir ya ba ni ɗakin ƙarshe a sama, wanda in ka miƙe kanka ya bugi rufi. Ya ce, "Malam, sai haƙuri, box room ke nan, a nan ƙasar ɗaki ne." Kwana uku na yi ina sallah a sunkuye.

Mista Clifford baƙar fata ne ɗan Jamaika, ya haura tamanin, ya yi aikin narka ƙarfe har masana'antar ta rufe, badujalarsu ta bi ta. Ɗakinsa cike yake da takardu da kwalaben tawada. Muka zauna, ni ina rera muryar babban ƙaho da baki, bom, bom, bo-bom, shi yana rubutawa. In na yi tuntuɓe ya ce in koma baya. Wani wuri muka yi gardama, ya ce ba zai yiwu ƙahon ya sauka can ƙasa ba, na ce haka Sajan ya sa. Ya gwada a kan wata tsohuwar fiyano, sannan ya ce, "Mutumin nan ya fi ni gaskiya." Da rana ya ba ni shinkafa da wake da kifi, irin tamu sak, sai dai su da ruwan kwakwa suke dafawa. Ran da zan tafi ya riƙe hannuna ya ce shi ba ya iya tafiya mai nisa yanzu, in an buga in saurara har da rabonsa.

Takardun sun iso ta gidan waya saura kwana biyar gasar. Kowa ya ɗauki tasa gida. Sau ɗaya suka haɗa shi a zaure, ranar kuwa ina asibiti ana gwada mini na'urar kunne, don haka ban ji ba. Jirgina na komawa Lahadi ne.

Ranar gasa Juma'a ce. Muna saukowa daga masallaci muka kama hanyar tuddai, ni da Ummi, muka shiga bas ɗin 'yan badujala. Ga yadda abin yake. Ƙauyuka ne da yawa kusa da juna, kowanne da gasarsa a yammacin ranar. Badujala ba adadi, daga ko'ina a ƙasar, kowacce a bas ɗinta, ana tsere daga wannan ƙauye zuwa wancan. In kun isa ku sauka ku yi layi, ku yi maci a titi kuna busa, sannan ku shiga fili ku yi da'ira ku buga kiɗan da za a ba ku maki a kansa. Jama'a cike da titi, wasu a kan katanga, tsofaffi a keken guragu, jarirai da abin toshe kunne. Giya kuwa kamar ruwan pampo, amma ban ga wanda ya zagi wani ba. Ni dai dankali da wake na ci a takarda, ina tuna Kakuri ranar ma'aikata.

A gefen kowane fili akwai ɗan ɗaki irin wanda mota ke ja, an saki labulayensa. Daga ciki ake busa usur, sannan badujala ta fara. Babu wanda ya yi mini bayaninsa, don su da shi suka buɗe ido, ni kuma ban tambaya ba.

Ƙauye na uku shi ne nasu, inda kofin yake. Muna jiran layi, saura badujala ɗaya a gabanmu, sai na ga wani hannu ya fito ta ƙasan labule ya karɓi kofin shayi ya koma. Na tambayi wani na kusa da ni, wa ke ciki? Ya ce alƙalin gasa ne. Na ce ikon Allah. Babban mutum irin wannan, an kulle shi tun azahar, ana ta wuce shi ba mai cewa sannu. Mu Sajan bai taɓa bari mu ɗaga ƙaho a gaban babba ba sai ya je ya sara masa ya faɗi ko mu su wa ne. Na ce mutanen nan sun yi mini karamci, bari ni ma in fitar da su kunya. Na gyara hula, na zaro ƙullin dabino daga aljihu, na je na ƙwanƙwasa.

Wani dattijo mai farin gashi ya ɗan buɗe ƙofa. Na ƙame na sara masa, na miƙa masa dabinon, na ce, "Barka da yamma, ranka ya daɗe. Garba ne daga Kaduna." Na faɗa masa sunan badujalarmu, na ce mu ne za mu shigo bayan waɗannan, kuma bana ce shekararsu ta ƙarshe. Tun ban rufe baki ba na ga ya toshe kunnuwansa da hannu biyu, ya ja ƙofa. Sai ga ma'aikatan gasar su biyu masu rigunan aiki a guje.

A nan na san dalilin labulen. Alƙali ba ya ganin masu busa, ba ya sanin sunansu, lamba kawai ake ba shi, don ya yi hukunci da kunne ba da sanayya ba. Ni kuwa na kai masa suna, na kai masa roƙo, na haɗa da dabino. Shugaban gasar ya zo ya gaya wa Dorothy, cikin ladabi, cewa ya san kuskure ne, amma doka doka ce. Za su iya shiga fili su busa, sai dai ba maki.

Ummi ta riƙe hannuna ta ce, "Baba, me ka yi?" Na so ƙasa ta tsage in shige. Terry ya ajiye ƙaton ƙahonsa a kan ciyawa a hankali, ya taka zuwa katanga, ya juya mana baya. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na je wurin Dorothy na ce ta yafe mini, ta manta da alkawarin, ni zan koma Manchester a bas ɗin haya.

Ba ta ko dube ni ba. Ta daɗe tana kallon filin, da mutanen ƙauyensu da suka cika shi. Sannan ta juya ga mutanenta ta ce, "Kofi ya tafi. Amma muna da minti shida a gaban mutanenmu, kuma ba mai ƙirga mana komai. Ku fito da takardar Kaduna."

Suka shiga fili suka yi da'ira, wurin Terry a buɗe, ƙahonsa a kwance. Tashin Shida kuwa ba babban ƙaho miya ce ba gishiri. Usur ya tashi daga ɗakin. Dorothy ta ɗaga sanda. Ƙananan ƙahoni suka ja jiniya, ta tashi sama ta lanƙwaso, daidai yadda take yi a Kakuri. Ina ƙirga takun da ya rage kafin babban ƙaho ya shigo. Saura huɗu, saura uku. Sai na ga Terry ya taho, ba gudu ba, ya sunkuya ya rungumi ƙahon. Kafin ya kai baki ya dube ni, ya taɓa kunnensa na dama da yatsa, irin alamarmu ta ɗakin saƙa: saurara.

Ya shigo a kan lokaci. Na ji shi a kunne, na ji shi a ƙirji, na ji shi a tafin ƙafa. Na juya kunnen dama sosai don kada ko ɗigo ya zube. Da kiɗan ya kai inda yake saki, sai na ga ƙofar masaƙa, na ga kekuna, na ga masu ƙosai a bakin titi, na ga Sajan a gaba da 'yar sandarsa. Ban san na zaro bakin ƙahona daga aljihu ba sai da Ummi ta gaya mini daga baya, ta ce yatsuna uku suna ta dannawa a iska. Na yi kuka a gaban Turawa, kuma ban ji kunya ba.

Aka yi tafi mai tsawo. Muna shirin hawa bas sai ga ɗaya daga masu rigunan aiki da 'yar takarda. Ashe alƙali yana rubuta wa kowace badujala abin da ya ji, mu ma ya rubuta mana, ba maki a ƙasa. Ummi ta fassara mini. Ya ce bai san kiɗan ba, amma wanda ya tsara shi ya san gajiyar aiki, ya kuma san daɗin tashi daga aiki. A ƙarshe ya ce ya gode da dabino.

A cikin bas Terry ya zo ya zauna kusa da ni, ya juyo da kunnensa. Ya ce, "Shekara arba'in nake jiran kofin nan. Ina jin haushinka, gobe ma zan ji." Na ce yana da gaskiya. Sai ya ce, "Amma Sajan ɗinku ya san abin da babban ƙaho yake so." Abin da na ɓata masa ba ya gyaruwa, kuma har yau yana damuna.

An rufe zauren a ƙarshen bazara kamar yadda aka ce. Ummi ta gaya mini Terry da wasu 'yan kaɗan sun koma badujalar ƙauyen maƙwabta, sun tafi da takardun da Mista Clifford ya rubuta. Ni kuma da na dawo na kai wa Mama Saratu, matar Sajan, gwangwanin mijinta da takardar alƙali a ciki. Na ce, "Mama, an buga." Ta ce, "Ka ji da kunnenka?" Na ce na ji.

Ummi ta ɗauki kiɗan a waya ta turo mini. Makon jiya na kunna shi a majalisa, muna mu shida, ban da ni akwai huɗu tsofaffin 'yan badujalar masaƙa. Kunnen ya ƙara ja baya tun dawowata, daga wayar ba abin da nake ji sai ɗan zuuu. Don haka na zauna ina kallonsu. Ɗanjuma, wanda shi ne mai babbar gangarmu a da, yana tsakiyar faci, ya ajiye tayar. Na dubi ƙasa, sai na ga ƙafafu huɗu cikin silifas suna dukan ƙasa tare, kuma dukkansu da ƙafar hagu suka fara, yadda Sajan ya koya mana.